Kwaɗon Sito a Ƙofar Mota

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kulle mai binciken motoci a cikin motata ba, da rana tsaka, a gaban surukina. Ko yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ba mugunta ce ta sa ni ba, ba kuma taɓin hankali ba. Karatu ne ya ja mini.

Ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, a Tanut, na daɗe ina koya wa yara Faransanci, har sunana na yanka ya kusa ɓacewa, kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Baban matata kuwa manomi ne a Ollelewa, gero da wake da ƴan awakinsa, bai taɓa zama a aji ba. Tsoho ne marar yawan magana, irin waɗanda in sun yi shiru sai ka fara lissafin laifuffukanka. Ban san abin da ya gani a jikina ya ba ni ƴarsa ba, amma ina zargin takarda ce. Duk wata takarda da ta shiga gidansa, ta likita ce, ta rigakafin dabbobi ce, ko wasiƙa daga meri, ofishin magajin gari, hannuna take zuwa. Abin da na ce ta ce, shi ta ce. A gaban suruki ba ka da abin taƙama sai ɗan mutuncinka, ni kuwa nawa mutuncin gaba ɗaya a kan takarda yake zaune. Ina ji da wannan matsayi fiye da yadda ya kamata, ba sai an faɗa mini ba.

Ina da wata tsohuwar mota da ta ga jiya ta ga yau, ni ne na huɗu ko na biyar da ya riƙe ta. Makullin ƙofar direba ya daɗe da lalacewa. Ka zura makulli ya yi ta juyawa kamar kana dama kunu, ba abin da zai kama. Ƙofar dai tana rufuwa, tana buɗuwa, kullewa ce kawai ba ta yi. Abin bai taɓa damuna ba, don ɓarawon da zai iya tayar da motar nan ba tare da ni ba, wallahi ya cancanci ya tafi da ita.

Wata Asabar jandarma ya tsayar da ni a shingen fita gari. Ya duba farmi na tuƙi, ya duba asirans, takardar inshora, ya zo kan takardar bizit, wato shaidar cewa an duba lafiyar mota ta cancanci hawa titi. Tawa ta ƙare tun kafin damina.

“Mushe, kai da kake koya wa yara bin doka?” in ji shi. “Na ba ka mako guda. In na sake ganin ka ba takarda, motar nan a nan za ta kwana.”

A Damagaram ake yin bizit. Da na koma gida kuma sai matata ta ce ai ranar Alhamis ne likitan ido ya ce Baba ya koma, a Damagaram ɗin. Na ce madalla, tafiya ɗaya, buƙata biyu. Har na fara hango kaina ina fitowa da sabuwar takarda ina karanta wa Baba ita da murya. Sai kuma makullin nan ya faɗo mini a rai.

Da la'asar na kai maganar fada, inda muke shan shayi ƙofar garejin Habu makanike. Tambaya ɗaya na yi: in makullin ƙofa ya lalace, mota tana cin bizit ko ba ta ci?

“Makulli?” in ji Habu, ko ɗago kai bai yi ba daga abin da yake gogewa. “Ba ruwansu da makulli. Birki suke kallo, da fitila, da taya.”

Sale direba, mai jigilar ƴan kasuwa tsakanin Tanut da Tarka, ya ajiye kofinsa. “Kai Habu, ka taɓa shiga wurin nan? Ni madubi ne ya tsage, ɗan tsagu kamar gashi, suka mayar da ni. Mutanen da ke shiga ƙarƙashin mota da tocila, su ne za su bar ƙofa?”

“Madubi daban, makulli daban.”

“A wurinka. A wurinsu duk mota ce.”

Na tambayi Habu ko zai iya gyara shi kafin Alhamis, in huta da gardama. Ya ce irin wannan makullin babu shi a Tanut, sai an aika Kano, mako biyu in an yi sa'a. Na tashi daga fadar nan na fi yadda na zo ruɗewa. Kwana biyu ina bin mutane da wannan tambaya. Wani ya ce ƙofofin baya kawai ake dubawa saboda yara. Wani ya ce ya danganta da wanda ka tarar, in mai gemu ne ka ci, in dogon ne ka faɗi. Wani ya rantse mini cewa tsofaffin motoci an yafe musu ƙofa gaba ɗaya. (Daga baya na gano mutumin nan ko keke bai mallaka ba.) Da na kwanta sai in ji Habu a kunnen dama, Sale a na hagu.

Ranar Talata na ce wai ni da karatuna me ya kai ni bin jita-jitar fada. Na buɗe akwatin gaban mota, na tono tsohuwar takardar bizit ta wanda ya sayar mini, duk ta sha mai. A bayanta an jera abubuwan da ake dubawa. Na bi da yatsa, birki, fitilu, tayoyi, har na zo kan ƙofofi. A gabansu an rubuta kalma ɗaya: fermeture.

Na zauna na yi nazari irin na manya. In darakta ya ce a yi fermeture na ofis, ai da makulli muke kullewa. In an ce kanti fermé yake, kwaɗo za ka gani a rataye. Ashe Sale ne mai gaskiya, dole ƙofa ta kullu. Na ninke takarda ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba, na nufi gareji ina kaɗa ta a iska.

Habu bai iya karatu ba. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya goge hannu da tsumma. “To, in takarda ta faɗa, ai ku ne masu karatu, Mushe. Ni ido kawai gare ni.” Da haka na rufe bakin mutum ɗaya tilo da ya faɗa mini gaskiya a garin nan.

Tunda makulli ba zai zo ba, sai na yi dabara. Takarda ta ce ƙofa ta kullu, ba ta ce da me ba. Na kai motar wurin Mamman mai walda, wanda ke ƙera ƙofofin gidaje da na shaguna. Na ce ya liƙa mini kunnen ƙarfe biyu daga waje, ɗaya a jikin ƙofa ɗaya a jikin mota, yadda za a zura kwaɗo.

Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube ni. “A ƙofar mota, Mushe?”

“Doka ce,” na ce masa. “Sabuwar doka.” (Allah ya yafe mini wannan “sabuwar”, ban san inda na samo ta ba.)

Ya yi aikinsa tsakani da Allah. Fenti ya ƙone ya yi baƙi kewaye da wurin, amma kunnuwan sun zauna daram. Ya gwada da kwaɗon shagonsa, ya jijjiga, ya ce ko raƙumi aka ɗaura ba zai buɗe ta ba. Na tafi gida ina jin kaina kamar wanda ya fi gwamnati wayo.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba na fito zan tafi ɗaukar Baba a gidan ƙanensa inda ya kwana. Sai na tuna ban sayi kwaɗo ba. Ina waigawa na ga na sito a rataye a buɗe, matata ta shiga ɗibar gero. Na zare shi na jefa a aljihu na fice. (Mai karatu, ka lura da kyau, cewa na yi na ɗauki kwaɗo. Ban ambaci wani abu ba bayan shi.)

Tafiya da suruki ba hira ba ce. Daga gaisuwa sai “Allah ya kiyaye hanya”, sai ƙarar inji har Damagaram. Muka fara da asibiti. Likita ya duba shi, ya ɗiga masa magani, ya ba shi baƙin tabarau, ya ce kada rana ta taɓa idon sai yamma, kuma zai yi ta ganin hazo-hazo. Ya rubuta takardar magani, Baba ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Daga nan muka wuce wurin bizit.

Wata babbar rumfa ce ta kwano, da dogon rami a tsakiya inda mota ke hawa a duba cikinta. Direbobi sun cika inuwa suna jiran layi, na manyan motoci da na tasha. Da aka zo kanmu sai ga ma'aikacin, ƙaton mutum mai tumbi, da shuɗiyar rigar aiki da allon takarda a hannu. Shef suke ce masa. Ba shi da gemu, ba kuma dogo ba ne, don haka ban san a wane ɓangare na faɗa ba. Ya leƙa ya ga Baba da tabarau, na ce daga likitan ido muke.

“Baba, zauna abinka, rana ta yi yawa waje,” in ji shi. “Ba za mu daɗe ba.”

Na yi sauri na buɗe masa ƙofar direba, na tsaya a jikinta na kare kunnuwan da babbar rigata, don ina so in nuna masa su a lokacin da ya dace. Ya shiga, mota ta ɗan nutse ta gefensa. Ya hau da ita kan ramin. Ya kunna fitilu, ya danna oda, ya taka birki, yana yi yana sa alama a takarda. Ni kuwa ina tsaye gefe, hannuna a aljihu yana riƙe da kwaɗo har ya yi gumi. Can sai ya buɗe ƙofar daga ciki ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe. Ya gyaɗa kai, ya sunkuya ya yi rubutu.

Na ce shi ke nan, ya gane. Ya ga ba ta kullewa, ga shi can yana rubuta faɗuwata, kuma Baba yana zaune kusa da shi.

“Shef, dakata,” na ce. “Kada ka rubuta tukuna. Tana yi.”

Na zaro kwaɗo, na zura a kunnuwan nan biyu, na danna. Ƙas. Na ja da baya taku ɗaya, na harɗe hannuwa a baya kamar ɗalibin da ya gama bitar karatu ba kuskure.

Shef ya tura ƙofa. Ya sake turawa da kafaɗa, motar duka ta girgiza. Ya sauke gilashi a hankali, ya leƙo da kai, ya daɗe yana kallon abin da ke rataye a jikin ƙofar.

“Malam, mene ne wannan?”

“Fermeture, Shef.”

Ya ƙura wa kwaɗon ido. Ni a lokacin na ɗauka burge shi na yi. “To, na gani,” in ji shi. “Buɗe.”

Na sa hannu a aljihun dama. Na sa a na hagu. Na laluba na gaba, na wando, har hulata na cire na leƙa, ban san me nake tsammanin samu a ciki ba. Direbobin da ke inuwa suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya. Na ciro waya na kira gida, wai ko wani abin al'ajabi zai faru. Wayata kuwa irin mai amon nan ce da ba ta da sirri.

“Makullin sito?” in ji matata, rumfar duka tana ji. “Ga shi nan ɗaure a bakin zanena. Au, kai ne ka ɗauke kwaɗon? Tun safe nake kokawa da awaki a bakin ƙofa. Me za ka yi da kwaɗo a Damagaram?”

Na kashe wayar ban amsa ba, don ni ma a lokacin na fara yi wa kaina wannan tambayar.

Hanya ɗaya ta rage, ƙofar Baba. Na zagaya na durƙusa a bakinta, na ce, “Baba, a yi haƙuri, za a ɗan sauko.” Ban taɓa riƙe hannun surukina ba sai a gaisuwa, ranar nan na kama shi na fito da shi cikin ranar da likita ya hana, na kai shi inuwa wani direba ya ba shi benci. Sannan Shef ya fara ƙaura daga wannan kujera zuwa waccan. Motata ba a yi ta don mutum irinsa ba. Ƙafa ɗaya ta haye giya, ɗayar ta maƙale ƙarƙashin sitiyari, tumbi ya kwanta a kan oda. Odar nan da ko a kasuwa sai na roƙe ta take yin ƙara, ranar ta saki murya kamar an yanka ta, ta ƙi yin shiru. Har masu shayi na bakin titi suka shigo kallo. Ya fito da baya-baya, takalmi ƙafa ɗaya, alƙalami ya faɗa rami.

“Shef, yau kai aka yi wa bizit,” in ji wani direba daga baya. Rumfa ta kwashe da dariya.

Na so ƙasa ta tsage in shige, ga rami kuwa a gabana, saura kaɗan in yi amfani da shi. Na jira ya zage ni in samu sauƙi, bai zage ni ba. Ya gyara rigarsa, ya karɓi takalminsa, yana ta haki. Na zaro tsohuwar takardar nan, na fara bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, ina nuna masa kalmar da yatsa. Ni har lokacin ban gane inda na yi kuskure ba. Makulli na manta, na yarda, amma ai ƙofa ta kullu, ga shaida kowa ya gani.

Sai muryar Baba ta fito daga kan benci, a hankali, fuskarsa tana kallon wani gefe daban don bai san inda muke tsaye ba.

“Ɗana mai aikin nan, in tambaye ka. Ƙofar nan, rufewa kuke so ta yi, ko kullewa?”

“Rufewa, Baba,” in ji Shef. “Ta rufu gam kada ta buɗe ana cikin tafiya, ta kuma buɗu ta ciki da ta waje. In an yi haɗari ko wuta ta kama, mutum ya samu ya fita. Kullewa kuwa tsakaninsa da ɓarayi ne, ba ruwanmu.”

“To, da can tana rufuwa?”

“Lafiya lau. Ai na riga na sa mata alamar ta ci kafin ya kawo wannan abin.” Ya juyo mini da allon, ga alamar nan kuwa ɓaro-ɓaro. Ya karɓi tsohuwar takardata ya sa yatsa ƙarƙashin inda na tsaya. “Ga layi na gaba, ouverture, buɗewa. Ba ka kai nan ba? Da kullewa muke nufi ai akwai kalmarta daban, verrouillage.”

Na san kalmar. Na sha rubuta ta a allo, na sha cire wa yara maki a kanta.

“Yanzu kam ba ta ci ba,” ya ci gaba. “Ƙofar da za a kulle mutum daga waje, ga ƙarfe a tsaye da zai yagi mai wucewa. A je a cire.” Ya ɗaga alƙalamin da aka ɗauko masa daga rami, ya dube ni. “Wai aikin me kake yi ne, Malam?”

Na buɗe baki ina neman wata sana'a da zan laƙaba wa kaina, ko gini ko sayar da gawayi.

“Malamin Faransanci ne,” in ji Baba.

Bai faɗa da gatse ba. Yadda ya saba faɗa wa baƙi a Ollelewa haka ya faɗa, wannan ne ma ya sa ta fi zafi. A wannan karon ko direbobin ba su yi dariya ba, tausayina suka ji.

Na shiga ta ƙofar Baba na haura giya kamar yadda Shef ya yi, na kai motar wurin wani mai walda a tsallaken titi. Ya yanke kwaɗon, ya yanke kunnuwan, ya goge wurin, yana yi yana tambayata wane maƙiyi ne ya yi mini wannan aiki. Na ce wani ne a Tanut, ban faɗi suna ba. Bayan azahar muka sake bin layi. Shef ya buɗe ƙofa ya rufe sau biyu, yana tsaye a waje wannan karon, ya buga hatimi. Motata ta ci bizit da lalataccen makullinta, daidai yadda take tun kafin in fara tambayar kowa. Ribar da na samu tabo biyu ne a jikin ƙofa, da sito marar kwaɗo.

Muka kama hanyar fita gari, takarda sabuwa a gabana, amma ko kallonta ba na son yi. Kafin mu kai shinge na ga ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro takardar maganin da likita ya rubuta. Hannuna ya miƙa da kansa, tsabar sabo. Bai ba ni ba, bai kuma mayar da ita aljihu ba, ya dai riƙe ta a kan gwiwarsa.

“Mushe.”

“Na'am, Baba.”

“In ka ga kantin magani ka tsaya. A miƙa wa mai kantin ya karanta da kansa.” Ya gyara zaman tabarau. “Ba don komai ba. Idon nan biyu ne kawai gare ni, ɗaya ma ya yi rabi.”

Na ce to, Baba. Na tsaya, na kai shi har gaban mai kantin, na koma gefe ina karanta kwalayen da ke bango kamar wanda ya rako baƙo.

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada. Hausar da na sha a nono ta ba ni kalma biyu, rufewa da kullewa, na tsallake su na je na ruɗe a kan guda ɗaya ta aro, tsoho mai ido a rufe ya warware ta da tambaya ɗaya. Yanzu in an kawo mini takarda sai na karanta ta har layin ƙarshe kafin in buɗe baki, in kuma mai ita yana kusa, shi nake fara tambaya. Habu kuwa in ya ce mini abu kaza ba matsala, ko da hatimin gwamna aka zo mini, na Habu nake bi.